Ƙarfe Uku a Gangare

Uku saura na dare wayar ta yi kuka,
ba kukan kira ba, wancan siririn
da nake ji ko barci ya danne ni kamar buhun dankali.
Sittin da ɗaya, in ji gilashi, kibiya na kallon ƙasa.
Na taka siminti ba takalmi,
sanyin Jos mai shiga ƙashi ba sallama,
na tarar da Rumasa'u dunƙule cikin bargo biyu,
goshi sharkaf da gumi.
Dabino uku. Cokalin zuma.
Tauna, 'yar nan, tauna, barcin zai jira.

Shekara biyu ke nan da muka san sunan abin.
Kafin nan an ce sanyi ne, an ce iska ce,
gwaggonta ta zo da jiƙo cikin galan,
yarinya na shan ruwa kamar rairayi, tana ƙarewa a tsaye.
Ni da na ɗauka ciwon suga na masu furfura ne
da masu tumbi a bayan mota.
Sista Chundung ce ta manna mata farin maɓalli a dantse,
ta karɓi wayata mai tsagaggen gilashi,
ta ce, Malam Ɗanjummai, daga yau ga idonka na uku.

Kwandon tumatir nawa zan sayar a Farin Gada
kafin maɓalli guda? Ba na ƙirgawa,
in na ƙirga gwiwa za ta yi sanyi.
Sati biyu yake yi ya mutu.
Ruwan allura kuwa, in an ɗauke wuta,
a gindin randa yake kwana cikin leda,
waya ta tafi wurin Gyang mai caji,
ina tsaye a kansa kamar mai jiran haihuwa.

Yanzu na iya karatun layin nan.
Bayan tuwon masara yakan haye kamar mai hawan dutsen Shere,
ranar guje-guje a makaranta ya gangaro.
Ina tsakiyar ciniki, hannu ɗaya kan kabeji,
ɗayan a aljihu yana lalubar jinin 'yata.

Ran Laraba layin ya yi tsalle da hantsi.
Ta dawo, ko jaka ba ta sauke ba na ce,
me kika ci?
Ta dube ni da idon uwarta.
Kek ɗin Kangyang ne, ta cika sha huɗu,
kowa ya gutsura, ni ma na gutsura,
na yi allurata a bayan aji, ba wanda ya tuna min.
Baba, wayar kake gaisarwa kafin ka gaishe ni.

Bakina ya mutu.
Na'ura ta san abin da ke yawo a jininta,
ba ta san doguwar rigar da take sawa ko rana ta take
don kada 'yan aji su ga maɓallin su yi ta tambaya ba.
Ba ta san ta daina kwana gidan kakarta a Bukur
don kunyar ƙarar da ke tada mutane ba.

Mun yi sulhu irin na kasuwa, kowa ya rage wani abu.
Rana tata ce.
Ita ke dubawa, ita ke ƙirga lomarta,
ita ke tura wa Sista saƙo ran Juma'a,
ni kuma in tambayi yadda lissafi ya kaya a aji.
Dare nawa ne. Wannan ban sallama ba.

Ga minti sha biyar sun wuce.
Tamanin da huɗu, kibiya ta kwanta.
Cikin magagi ta ce, Baba, je ka kwanta mana.
Na ce to.
Ina nan bakin ƙofa, wayar kife a cinyata,
ina sauraron numfashin da ba ya bukatar caji,
har ladanin unguwa ya gyara murya.